RX-7 Ba Turbo: Abin Da Tarihin Injin Wankel Ya Nuna

A watan Fabrairun 2024 kamfanin Mazda ya sake kafa sashen injiniyoyin injin Wankel, bayan ya dawo da injin cikin MX-30 a 2023, inda aikinsa kawai cajin batir. Wannan ya tado da wata tsohuwar gardama tsakanin masu riƙe da RX-7 ƙirar ƙarshe, wadda ake kira FD: a cire mata turbo biyun nan ne don injin ya daɗe, ko a bar ta yadda aka ƙera ta? Ni dai ina ganin masu cewa a cire sun riƙe rabin gaskiya ne kawai. Sai an koma baya kaɗan za a ga dalili.

Injin Wankel ba shi da fistin. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin gida mai kama da ɓawon gyaɗa, yana zuƙar iska da fetur, ya matse, fulogi ya kunna, ya fitar da hayaƙi. A bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe mai aikin da ringi yake yi a injin fistin, wato hana matsi zurarewa. Mu kira shi ringin kusurwa. Duk tarihin wannan inji, daɗinsa da wuyarsa, a kan wannan ɗan ƙarfen ya rataya.

Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi tare da kamfanin NSU. A 1961 Toyo Kogyo na Hiroshima, wanda ya zama Mazda daga baya, ya sayi lasisi. Da suka gwada, sai ringin kusurwa ya riƙa kartar bangon injin har suka sa wa zanen suna farcen shaiɗan. Kenichi Yamamoto da injiniyoyi 47 suka yi shekaru a kan matsalar kafin Cosmo Sport ta fito a 1967. A shekarar ce NSU ma ta fitar da Ro 80, mota kyakkyawa, amma injinanta suka riƙa mutuwa da wuri. Biyan garanti ya karya kamfanin, a 1969 Volkswagen ta haɗiye shi. A lura fa, Ro 80 ba ta da turbo.

Mazda ita ma ta sha da ƙyar. Tsadar man 1973 ta kama ta da motoci masu shan fetur kamar ba gobe, sai da bankin Sumitomo ya shigo ya tallafe ta. RX-7 ta farko a 1978, mai injin 12A mara turbo, ita ta wanke sunan injin. Mai sauƙi ce, ba tarkace, kuma ta yi suna wajen juriya. Nan ne hujjar masu cewa a cire take da ƙarfi, ba na musun wannan.

FD ta zo a ƙarshen 1991. Injinta 13B-REW, girmansa cc 1,308 kacal, amma yana ba da ƙarfin doki 255, daga baya har 280. Sirrin shi ne turbo biyu masu aiki bi da bi: na farko yana turawa tun mota na tafiya a hankali, na biyu ya shigo idan juyin inji ya kai wajen 4,500 a minti. Abin burgewa ne a kan titi. Amma ka ɗaga bonet ka gani. Tulin ƙananan tiyo na roba da bawuloli ne ke sarrafa wannan karɓa-karɓa, har masu motar suna ce masa sheƙar ɓera, kuma duka an cusa su a wuri mai zafi kamar murhu. Dama hayaƙin Wankel ya fi na injin fistin zafi. Shekara ta bi shekara, roba ta bushe ta tsage. Idan fetur ya gaza alhali turbo na cikin turi, wutar ta kama ba bisa ƙa'ida ba, bugu kaɗan ya isa ya karya ringin kusurwa, gutsuren ya bi ta cikin turbo ya ɓarnata shi. Idan kuma ruwa ya tafasa, gidan alminiyam da farantan ƙarfen da aka jera ba sa buɗewa daidai da juna, robar da ke tare ruwa ta saki. Shi ke nan, sai sauke inji.

To me zai hana a cire turbon a huta? Matsalar ita ce an gina injin ne da turbo a zuciya. Matsinsa 9.0 ne, an rage shi da gangan don ya ɗauki iskar da ake dura masa. RX-7 ƙirar da ta gabata, mara turbo, ta 1989, matsinta 9.7, da ƙarin ƙofofin iska biyu masu buɗewa idan an taka totur, amma duk da haka doki 160 take bayarwa. FD da aka cire wa turbo ba ta da wannan matsi, ba ta da waɗannan ƙofofi, don haka ƙasa da hakan za ka sa rai, a mota mai nauyin kusan kilo 1,300. Ga sabon bututun salansa, ga sake saita ƙwaƙwalwar mota. Ka kashe kuɗi ka sayo rauni. Yana tuna min da al'adar wasu kanikawanmu ta cire tamostat da zarar mota ta fara zafi, a bar lagireton da ya toshe yana nan.

Sannan akwai RX-8. Mazda da kanta ta yi abin da waɗannan mutane ke so a 2003: inji mara turbo, matsi 10.0. Ya daɗe? Injina da yawa sun rasa matsi da wuri, har kamfanin ya tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Wankel yana ƙona ɗan baƙin mai da gangan don shafe ringin kusurwa, kuma ba ya son gajerun tafiye-tafiye da ke tara masa baƙin toka. Mai motar da bai duba mai ba, da turbo ko babu, ƙarshensa ɗaya. An daina ƙera RX-8 a 2012.

Za a ce ai 787B da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, karon farko ga kamfanin Japan, ba turbo gare ta ba. Haka ne. Amma an zana ta ne haka tun daga tushe, da majuyi huɗu, kuma injiniyoyin sun taƙaita juyinta don ta kai ƙarshe. Sun rage mata wahala, ba su yanke mata wata gaɓa ba.

Abin da masu FD da suka daɗe da motarsu ke yi ke nan: babban lagireto, sabbin tiyo, famfon fetur lafiyayye, rage ƙarfin turin, wasu su koma turbo ɗaya don kawar da sheƙar ɓeran. Wanda kuwa ya nace sai mara turbo, gara ya sa majuyi masu babban matsi ya faɗaɗa ƙofofin iska, ko ya nemi tsohuwar RX-7 da aka haifa a haka. An rufe ƙera FD tun 2002, kuma waɗanda ba a taɓa wa inji ba su masu tara motoci ke bi da kuɗi yanzu.