Sukur: Garin Ƙarfe a Kan Duwatsun Mandara

Duk mai son ganin Sukur sai ya ajiye mota a gindin dutse ya hau da ƙafa. Garin yana kan duwatsun Mandara ne, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, a tsayin da ya haura mita 1,000. Hanyar da ake bi ma abin kallo ce: faffaɗan duwatsu ne kakannin mutanen garin suka jera ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa, har yau kuma su ake takawa da kaya a ka.

Ƙarfe ne ya ɗaukaka Sukur. Tun wajen ƙarni na 17, lokacin da gidan sarautar Dur ya kafu, mutanen garin suka shahara da narka tama. A wancan zamani, idan damina ta sauka, ruwa kan wanko baƙin yashi mai ƙarfe zuwa rafuka. A tara shi, a haɗa da gawayi, a yini ana buga zugazugi a bakin murhun yumɓu har ƙarfe ya fito. Fatake daga Borno da sauran garuruwan ƙasa sukan zo su saya, maƙera su mayar da shi fartanya da gatari. Da wannan ciniki ƙaramin gari ya ciyar da kansa, sarkinsa, wanda ake kira Hidi, ya sami kwarjini a tsakanin ƙabilun duwatsun.

Fadar Hidi tana can sama, kewaye da katangun dutse da aka ɗora ba tare da siminti ba. A cikinta akwai ƙofofi, rumbuna, masussuka da wuraren tsafi. Daga nan ido kan hango gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni, kowane mataki an tokare shi da dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A nan ake shuka dawa da gero. Wani abin da ke tsayar da baƙo shi ne ɗakin kiwon sa: rami ne da aka gina da dutse, a saka maraƙi yana ƙarami, a riƙa miƙa masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba, ya zama jarin gida da naman biki.

Garin ya sha wuya. A farkon ƙarni na 20, mayaƙan Hamman Yaji, hakimin Madagali, sun yi ta kai masa hari suna kama bayi, kafin Turawan Ingila su tuɓe shi a 1927. Daga baya tarkacen ƙarafan motoci ya cika kasuwanni da araha, murahun Sukur suka mutu wajen shekarun 1960, iyalai da dama suka sauko fili neman gona.

A 1999 UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya. A ƙarshen 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau dutsen, suka ƙona gidaje da sassan fada, suka kwashe dabbobi da hatsi. Mutanen garin sun dawo sun sake rufa ɗakunansu da ciyawa, a 2018 kuma ƙungiyar World Monuments Fund ta sanya Sukur cikin wuraren da ke bukatar agajin gaggawa, abin da ya jawo hankalin masu gyaran kayan tarihi zuwa fadar Hidi.