Fasto da Gidansa a Ƙasar Sakkwato: Asalin Aikin da Yadda Ya Sauya

Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga birnin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ya bi ta Kwalkwalawa ya ƙetare gadar gulbin Rima. Cikin masu bin wannan hanya ran Lahadi da safe akwai ɗalibai da ma'aikata Kirista, da kuma masu yi musu wa'azi. Mun saba ganinsu, amma ba safai mu ke tambayar inda aikin nasu ya samo asali ba. Tarihin Kiristanci a Arewa, kamar yadda aka fi rubuta shi, tarihin Turawan mishan ne, domin su ne suka bar rahotanni da wasiƙu. Manufar wannan takarda ita ce a juya ido ga ɗan ƙasa wanda ya riƙe ikilisiya, a ga yadda ya ke yini da yadda ya ke renon 'ya'yansa. Abin da mu ke son nunawa shi ne, a ƙasar Sakkwato aikin fasto a ɗakin magani da ajin karatu ya tsiro kafin ya hau mumbari, kuma abin da ya fi yi masa nauyi tun farko shi ne makomar yaran gidansa. Za mu taƙaita magana a kan ikilisiyoyin da suka fito daga mishan ta SIM, tun da limamin Katolika ba ya aure, balle a yi zancen 'ya'ya.

Ƙofar da aka rufe, da wadda aka buɗe

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi wa Waziri da sarakunan karaga alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addininsu ba. Razdanonin da suka biyo baya sun fassara wannan alkawari da cewa ba a yarda 'yan mishan su zauna cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba sai da izini, izinin kuwa da ƙyar a ke ba da shi. Saboda haka mishan ta SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, ta yi shekaru tana aiki a ƙasar Nupe da kudancin Zazzau da sauran sassan tsakiya, ba ta kusanci birnin Shehu ba. Kiristocin da ke lardin a lokacin galibinsu baƙi ne, akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Ko su ma sun fi yawa a Gusau, domin jirgin ƙasa ya isa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, bai kuwa taɓa isowa Sakkwato ba.

Kuturta ce ta buɗe ƙofa. Cikin shekarun 1930 gwamnati da hukumomin En'e suka ga ba su da ma'aikatan da za su kula da kutare, sai aka danƙa wa SIM zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. An gitta sharuɗɗa. Ba a yarda a tilasta wa majinyaci sauraron wa'azi ba, kuma akwai dokar da ta hana koya wa ɗan Musulmi wanda bai kai shekara 18 ba wani addini ba da yardar iyayensa ba. Malama Shobana Shankar, a littafinta na 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta nuna yadda waɗannan zanguna suka zama mafarin ƙananan al'ummomin Kirista masu magana da Hausa.

To, wane ne ke gudanar da aikin yau da kullum a irin wannan wuri? Bature likita ɗaya ne ko biyu, da 'yan sistoci. Sauran aikin yana hannun 'yan ƙasa, da yawa daga cikinsu ma majinyata ne da suka samu sauƙi. Da safe mutum ya wanke gyambo, ya yi allurar man ɗanyen magani wadda a ke yi wa kutare a wancan zamani, allura mai zafi da a ke maimaitawa mako bayan mako. Da rana ya tara manya da yara ya koya musu a, ba, ca, da. Da yamma ya ja addu'a. Da aka shigo da ƙwayar dafson a farkon shekarun 1950, magani ya zama abin da a ke iya ɗauka a jaka, sai aka buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kowanne da ma'aikacinsa. Wannan ma'aikaci shi ne kakan faston yau. Mutanen gari ba su kira shi fasto ba, malam su ke ce masa, domin ya iya karatu kuma yana ba da magani, watau abubuwa biyu da Bahaushe ya san malami da su.

Harshen wa'azi

Littafin da ke hannunsa shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga cikakke a 1932, bayan aikin shekaru da Likita Mila na Zariya da abokansa suka yi. A nan akwai abin lura ga masu nazarin harshe. Mai bishara ba shi da wasu kalmomi na addini sai waɗanda Musulunci ya riga ya shuka cikin Hausa: Allah, annabi, addu'a, wa'azi, zunubi, tuba, gafara, alheri, aljihun kalmomin duk na aro ne daga zauren malamai. Amma a wuri guda an ja layi, aka zaɓi sunan Yesu maimakon Isa. Malama Barbara Cooper, wadda ta yi nazarin Kiristocin Maraɗi da Tsibiri a littafinta na 2006, ta yi dogon bayani a kan nauyin irin wannan zaɓi. A ganinmu, wannan ne ya sa wa'azi a Sakkwato ya fi wuya fiye da a Kagoro ko Jos. Mai sauraro a nan ya san labarin Annabi Musa da Annabi Yusufu tun yana makarantar allo, kuma kowace kalma da mai wa'azi ya furta tana da ma'anar da aka riga aka ba ta. Wanda bai iya bakinsa ba, ba ya daɗewa.

A 1954 ikilisiyoyin SIM suka haɗu suka zama ECWA, da shugabancin 'yan ƙasa. Tun kafin nan, a ƙarshen shekarun 1940, an kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda daga baya aka san ta da EMS. Daga wannan lokaci yawancin waɗanda a ke turowa lardin Sakkwato 'yan kudancin Zazzau ne da Filato da Tangale, waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa a wurare irin su Kagoro. Akwai kuma 'yan ƙasar Zuru, inda wata mishan dabam, UMS, ta yi aiki. Hausa ce harshen ibadarsu, amma ba ita ce harshen uwarsu ba, ga shi kuwa Sakkwatanci sai wanda ya zauna ya koya.

Makon fasto

Tsarin mako bai sauya sosai ba tun wancan zamani. Lahadi akwai makarantar yara da sujada da baiko. Tsakiyar mako akwai taron addu'a. Sauran ranaku an raba su tsakanin zumuntar mata, da koyon waƙa, da ajin masu neman baftisma, da zaman dattawan ikilisiya. Abin da ba a rubuta a allon sanarwa ba shi ya fi yawa: gaida marar lafiya, sulhunta miji da mata, raka wani ofishin 'yan sanda, neman wurin binne gawa, saukar da baƙon da mota ta ajiye da dare. Albashinsa daga baikon jama'a ya ke fitowa, jama'ar kuwa a ƙauye ba su wuce gidaje kaɗan ba. Don haka faston karkara manomi ne kamar kowa, da damina yana gonar gero da dawa, a gonar da wani maƙwabci Musulmi ya ba shi aro ko haya.

Matarsa kuma ma'aikaciya ce da ba a biya. Ita ke jan ragamar zumuntar mata, ita ke dafa wa baƙi, ita ke shiga gidajen kulle inda mijinta ba shi da ikon taka ƙafa, wajen barka da suna da ta'aziyya. In an bi diddigi, yawancin amincin da ke tsakanin gidan fasto da unguwarsa ta hannunta aka ƙulla shi. Rahotannin mishan ba su cika ambaton sunanta ba.

'Ya'yan fasto

A nan ne mu ke so mu ɗan daɗe. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, a sura ta 3, ta sa iya riƙon gida cikin sharuɗɗan shugaban ikilisiya, kuma jama'a sun riƙe wannan sharaɗi da ƙarfi. Laifin da ɗan wani zai yi a kau da kai, in ɗan fasto ya yi sai ya kai gaban dattawa. 'Yar fasto in ta yi cikin shege, ba ita kaɗai a ke sa wa horo ba, kujerar uban ma tana rawa.

Sa'an nan ga matsalar makaranta. Turawan mishan sun warware tasu tun da wuri: sun buɗe wa 'ya'yansu makarantar Hillcrest a Jos a 1942, da Kent Academy a Miango 'yan shekaru bayan haka. Ɗan ƙasa mai bishara a wani ƙauyen Sakkwato ba shi da wannan gata. Makarantar En'e in akwai ta, ba a koyar da addininsa a ciki. Ta mishan kuwa tana da nisan kwanaki. Zaɓi biyu ne gare shi, kowanne da ɗacinsa. Ko dai ya riƙe yaron a gabansa ya koya masa abin da ya sawwaƙa, ko kuwa ya tura shi tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas wurin dangi a gida ko makarantar kwana, sai hutu a gan shi. Da yawa sun zaɓi na biyu. Sakamakon haka abin mamaki ne. Waɗannan yara sun samu ilmin boko tun kafin tsaransu na ƙauyen, suka zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da akawuna, amma kaɗan ne suka komo inda iyayensu suka yi aiki. Ikilisiyar ƙauye ta yi ta renon yara tana miƙa wa birane, ita kuwa tana nan jiya i yau.

Wanda ya tashi a nan ma bai tsira ba. Sunansa Ishaya ko Bulus ko Rahila, ko kuwa Yakubu da Dauda da Saratu waɗanda ba a rarrabe su da na maƙwabta. Bakinsa Sakkwatanci ne tsantsa, da salla yana cin naman layyar abokansa, da Kirsimeti ya kai musu shinkafa. Amma in ya je garin ubansa sai a ce ga Bahaushe, in kuma ya nemi takardar shaidar ɗan asalin jiha a inda aka haife shi sai a tambaye shi garin kakansa. Ga kuma canjin wurin aiki, domin majalisar ikilisiya kan ɗauke fasto bayan 'yan shekaru, yaro ya bar aji a tsakiyar zango. Mu da ke koyarwa a kwalejojin ilmi muna samun irin waɗannan ɗalibai a azuzuwanmu, wani ya yi firamare uku a jihohi biyu kafin ya gama aji shida.

Bayan mulkin kai

Rikicin 1966 ya kwashe 'yan Kudu da yawa daga Arewa, majami'u da dama suka zama kusan wayam har bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970. Sa'an nan abubuwa suka juya. Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka fara shirin ilmin firamare kyauta a 1976. Ma'aikata da malamai da sojoji suka shigo daga ko'ina. Cikin waɗannan shekaru ne kuma gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun mishan. Da wannan, fasto ya rabu da ɗakin magani da ajin da suka haife shi. Ya zama mai kiwon ma'aikatan gwamnati, mai satifiket ko digiri na tauhidi, ikilisiyarsa ta rabu gida biyu, sashen Hausa da sashen Turanci. Katolika ta samu dayosis a Sakkwato a 1964, Angalika a 1990, ikilisiyoyin Fentikos kuma suka yawaita. Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta fito wajen 1980.

Makaranta ta samu, har ikilisiyoyi da yawa sun buɗe nasu na nazare da firamare, amma wata damuwar ta maye gurbin ta dā. Tun daga muhawarar shari'a ta 2000, faston Sakkwato ya ƙara wani darasi cikin tarbiyyar gidansa, watau abin da yaro zai faɗa da abin da zai haɗiye in an yi gardamar addini a aji ko a waya. Kisan wata ɗaliba Kirista a birnin a watan Mayu na 2022 bisa zargin ɓatanci, da tarzomar da ta biyo baya har aka taɓa wasu majami'u aka sa dokar hana fita, ya sa wannan darasi ya zama na rai da mutuwa. A karkarar gabashin jihar da Zamfara kuwa, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka na Musulmi da Kirista duka, fastoci da dama sun kwashe iyalinsu zuwa gari, su kuma suna zuwa ran Lahadi in hanya ta yi kyau.