Ƙwaƙwalwa Ɗaya, Mudu Daban-Daban

A shekarar 1995, Bharat Biswal da abokan aikinsa a birnin Milwaukee na Amurka suka lura cewa ko mutum yana kwance shiru cikin na'urar MRI, sassan ƙwaƙwalwarsa masu sarrafa motsi, na dama da na hagu, suna tashi su sauka tare. Daga nan aka fara zana taswirar alaƙa tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Abin da na'urar ke bi shi ne canjin iskar oksijin a cikin jini, sannan kwamfuta ta lissafa wane sashe ke tafiya da wane.

Cibiyar bincike ɗaya ba ta iya tara isassun mutane don irin wannan nazari, shi ya sa ake haɗa guiwa. A 2012 shirin ABIDE ya fitar da hotunan mutum 1,112 daga cibiyoyi 17 don nazarin larurar otizim, shirin ABCD kuma yana bibiyar yara sama da 11,000 a cibiyoyi 21 na Amurka. Yawan nan dole ne, domin Scott Marek da tawagarsa sun nuna a mujallar Nature a 2022 cewa danganta ƙwaƙwalwa da halayya na buƙatar dubban mutane kafin sakamako ya tsaya da ƙafarsa.

Amma fa kowace cibiya da mudunta. Wata cibiyar na'urar Siemens take da ita, wata GE, wata Philips. Nan a ce wa mutum ya rufe ido, can a ce ya zuba wa alama ido. Yaron da ya ƙosa ya motsa kai, ko da bai kai milimita ɗaya ba, alaƙar sassa masu nisa sai ta bayyana da rauni, kamar yadda Jonathan Power ya nuna a 2012. Ko a na'ura ɗaya ma awon yana rawa: bitar da Stephanie Noble ta jagoranta a 2019 ta sami matsakaicin maki 0.29 na daidaituwar awo idan aka maimaita shi, a ma'aunin da ƙololuwarsa 1 ne. Wannan maki, a gaskiya, bai kai a yi tinƙaho da shi ba.

Maganin da ya fi karɓuwa shi ne ComBat, dabarar lissafi da aka ƙirƙira a 2007 don nazarin ƙwayoyin gado, daga baya aka aro ta domin goge tambarin cibiya daga bayanai. Tana aiki, sai dai tana da iyaka. Idan galibin marasa lafiya a cibiya ɗaya aka auna su, masu lafiya kuma a wata, lissafi ba zai iya rarrabe abin da na'ura ta jawo da abin da cuta ta jawo ba. Garin share datti sai a share da hatsin.

Masu bincike a Japan sun bi hanya mai wahala, wadda kuma ta fi gamsarwa. Ayumu Yamashita da abokansa sun ɗauki mutum 9 masu lafiya, suka yi ta yawo da su cibiyoyi 12 ana auna su. Tunda kawunan ba su canja ba, bambancin da ya biyo cibiya na awo ne. Rahotonsu na 2019 ya nuna tasirin cibiya yakan kai, ko ma ya zarce, tasirin cututtukan tabin hankalin da ake nema, kuma alkiblar da aka saita na'ura wajen ɗaukar hoto ta fi sunan kamfanin da ya ƙera ta kawo saɓani.