Sudoku mai baƙin gida da fari: asalinsa, dokokinsa da hanyar warware shi

Sudoku mai baƙin gida da fari wani reshe ne na wasan ƙwaƙwalwar nan na lambobi da ake samu a jaridu da wayoyin hannu. A sudoku na asali aikin mai wasa ɗaya ne: ya cike allo mai gida 81 da lambobi daga 1 zuwa 9, ba tare da wata lamba ta maimaitu a layin kwance, ko layin tsaye, ko ɗaya daga cikin ɗakuna tara masu gida tara-tara ba. A wannan reshe kuwa an ƙara masa aiki na biyu, wato ya gano gidajen da za a baƙanta da fensir da waɗanda za a bari farare. Lambobi na nuna launi, launi kuma na nuna lambobi. Lamarin ya yi kama da na ɗan kasuwa mai littafi biyu, na kaya da na kuɗi: muddin ɗaya ya saɓa wa ɗaya, akwai kuskure a wani wuri, kuma gida guda da aka baƙanta bisa kuskure na iya ɓata aikin sa'a biyu.

Hatimi da lissafin 45

Jera lambobi a cikin gidaje bisa doka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamai sun daɗe da sanin hatimi, kuma ɗaya daga cikinsu, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina hatimin da adadin gidajen kowane gefensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Hatimi mafi ƙanƙanta yana da gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Jimillar 1 zuwa 9 ita ce 45, don haka kowane layi cikin uku yake ɗaukar 15. Zaman 5 a tsakiya ma dole ne. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, sai na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Idan aka cire 45 daga 60, saura 15, wanda shi ne lambar tsakiya sau uku. Ke nan 5 ce, babu wata. Irin wannan hujja, ta cire abin da aka sani daga jimilla don gano abin da ya ɓuya, ita ce ƙashin bayan sudoku mai wuya, domin a can ma kowane layi da kowane ɗaki jimillarsa 45 ce.

Yadda wasan ya samu

Sudoku bai fito daga hatimi kai tsaye ba. Ya fi kusa da jadawalin da masanin lissafi Leonhard Euler ya yi nazari a ƙarni na 18, inda ba a maimaita alama a layi. An fara buga shi a Amurka a 1979 da sunan Number Place, kuma ana danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yanzu. Ya bazu a duniya bayan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a Nuwamban 2004, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Lucca ta Italiya a 2006.

Wasannin baƙanta gida sun taso ne daban. Nikoli ya fitar da Hitori a 1990 da Nurikabe a 1991. Daga baya masu tsara wasanni suka riƙa aurar da dokokin ɓangarorin biyu a allo ɗaya. Tashar Cracking the Cryptic ta YouTube, wadda Simon Anthony da Mark Goodliffe suka buɗe a 2017, ta taimaka wajen yaɗa irin waɗannan, musamman a zaman kullen korona na 2020.

Dokar Yin-Yang

Wannan na cikin dokokin launi da aka fi haɗawa da sudoku. Sharuɗɗanta uku ne. Kowane gida ko dai baƙi ne ko fari. Duk baƙaƙe su haɗe su zama yanki guda ta gefe da gefe, haka ma farare. Haɗuwa ta kusurwa ba ta cikin lissafi. Sannan ba a yarda gida huɗu da suka yi murabba'i, biyu a sama biyu a ƙasa, su zama launi ɗaya ba.

Daga waɗannan sharuɗɗa ake fitar da dokoki biyu da ba a rubuta su a kan takarda. Ta farko: a cikin murabba'in gida huɗu, ba zai yiwu baƙaƙe biyu su fuskanci juna ta kusurwa, farare biyu ma haka ba. Dalili shi ne tilas baƙaƙen su haɗu ta wata hanya, kuma duk hanyar da suka bi za ta zama shingen da ya killace fari ɗaya daga ɗan'uwansa. Ta biyu: idan aka zagaye gidaje 32 na bakin allo, launi ba ya sauyawa fiye da sau biyu. Saboda haka, in an ga fari a tsakanin baƙaƙe biyu a bakin allo, to duk gidajen da ke tsakaninsu ta ɗaya zagayen baƙaƙe ne. Sau da yawa wannan kaɗai na bayyana launin gida goma ko fiye a lokaci guda.

Inda lamba da launi ke haɗuwa

A wani salo ana yi wa wasu gidaje da'ira, lambar da ke ciki ta faɗi adadin baƙaƙe a gidajen da ke kewaye da ita. Gidan kusurwa maƙwabta uku gare shi, na bakin allo biyar, na ciki takwas. Tun nan 9 ta fita. Ita ma 8 ba za ta shiga ba: in duk maƙwabta baƙaƙe ne, dole gidan da'irar ya zama fari don kauce wa murabba'i baƙi, amma sai ya zama fari a killace. Wannan hujjar ce kuma ke hana 3 zama a kusurwa, sai 1 ko 2. Idan 7 ta tabbata a da'irar ciki, gidan fari ne, kuma farin maƙwabcinsa guda yana gefensa ne, ba a kusurwa ba. Idan 1 ce, akasin haka ne.

A wani salon kuma baƙin gida yana ninka lambarsa, kuma guda ɗaya ne tak a kowane layi da kowane ɗaki. Akan haɗa shi da shinge, wato gidajen da aka zagaye da ɗigo-ɗigo aka rubuta jimillarsu. A ɗauki shinge mai gida biyu a layi ɗaya. Ba tare da ninki ba, ba zai wuce 17 ba. In an rubuta 26, hanya ɗaya ce: 9 a baƙin gida ta zama 18, a ƙara 8. In 25 ce, hanya biyu: 9 ninke da 7, ko 8 ninke da 9. In 3 ce, lambobin 1 da 2 ne, kuma duka gidajen farare ne. In shingayen da suka cike layi guda sun ba da 52, rarar 7 da ke kan 45 ita ce lambar da aka ninka.

Tsarin aiki

1. A karanta dokoki sau biyu. Kalma ɗaya, kamar ko gidan da'ira yana cikin ƙirga ko a'a, tana sauya wasan baki ɗaya.
2. A fara da kusurwoyi da bakin allo, inda zaɓi ya fi ƙaranci.
3. A nemi jimilla mafi girma da mafi ƙanƙanta, don su ne masu hanya kaɗan.
4. A sa wa farin da ya tabbata alamarsa, kamar ɗigo. Gidan da ba a taɓa ba yana nufin ba a sani ba tukuna.
5. Duk lambar da aka rubuta, a koma a duba abin da ta ce kan launi. Duk launin da aka sa, a duba abin da ya ce kan lamba.
6. In an cije, a tambayi kowane yanki ta ina zai fita ya sadu da 'yan'uwansa. Mafita ɗaya tilo gida ne da ya tabbata.

Batun canke

Wasan da aka tsara da kyau amsa ɗaya gare shi, kuma akwai hanyar hujja da ke kaiwa gare ta. Canke ya fi haɗari a nan fiye da sudoku na asali, domin kuskuren launi ba ya bayyana nan take. Yakan yi nisa kafin lambobi su yi karo, a lokacin kuma da wuya a gane inda ɓarakar ta faro. Abin da ya halatta shi ne gwaji gajere a zuci: in wannan gida baƙi ne, me zai biyo baya cikin taki biyu ko uku? In an ci karo da saɓani, farinsa ya tabbata.

A 2012 Gary McGuire na Jami'ar Dublin, wato University College Dublin, da abokan aikinsa suka nuna ta hanyar kwamfuta cewa sudoku na asali ba ya samun amsa guda da ƙasa da lambobi 17 da aka bayar tun farko. Nau'in baƙi da fari bai shiga wannan iyaka ba. Akan sami allon da babu lamba ko ɗaya a cikin gidajensa, sai da'irori da shingaye, amma duk da haka amsarsa ɗaya ce, domin dokokin launi sun ɗauki nauyin da lambobin farko ke ɗauka.