TARIHIN GISHIRI DA MAƘOƘO: DAGA AYARIN BILMA ZUWA NONON MAIJEGO A MINNA

'Yan uwa, duk wanda ya haura shekara hamsin zai iya tuna lokacin da ganin mace da maƙoƙo a wuya ba abin mamaki ba ne a kasuwannin ƙauye. Wasu su ce gado ne, wasu su ce ruwan rijiyar garin ne, wasu ma su ce jifa ne. Yau yaran da ke tasowa a Bosso ko Tunga ko Kpakungu da yawansu ba su taɓa ganinsa ba. Babban dalilin wannan canji yana cikin ɗan gishirin da ake barbaɗawa a miya. Tarihin nasa ya cancanci a sani, domin akwai sauran aiki, kuma aikin ya fi shafar mata masu shayarwa.

Kafin zuwan Turawa, gishiri babban kayan fatauci ne a ƙasar Hausa. Ayarin Buzaye na ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fachi a cikin sahara, su ratsa Azbin su sauke a Kano da Katsina da Damagaram. Baturen nan Heinrich Barth ma a cikin irin wannan ayari ya biyo daga Azbin kafin ya shiga Kano a farkon 1851. Akwai mangul na ƙasar Manga, akwai gishirin Foga daga yamma, sannan daga kudu akwai gishirin Awe da Keana, wanda mata ke dafawa daga ruwan zartsi, a inda yanzu ake kira Jihar Nasarawa. Fatake su ke yawo da shi har ƙasar Gwari da ta Nufe.

Da aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, sai ya ratsa ta Minna, daga baya layin Legas ya zo ya haɗu da shi a nan. Wannan ne ya mayar da Minna gari, ya jawo Hausawa fatake da ma'aikata suka kafa unguwanni. Jirgin kuma ya riƙa shigo da gishirin Ingila na buhu, wanda sannu a hankali ya danne na ayari. Sai dai da na sahara da na Awe da na buhun Turawa, babu wanda aka ƙara wa aidin, kuma wanda ke cikinsu tun asali bai taka kara ya karya ba.

Shi aidin wani sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, amma kullum. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tayirod. Ita ke tattara aidin ta haɗa sinadaran da ke tafiyar da girman jiki da ginuwar ƙwaƙwalwa. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai ta riƙa kumbura don ta kamo ɗan abin da ya samu. Kumburin nan shi ne maƙoƙo. Aidin ya fi yawa a teku, shi ya sa kifin teku ke ɗauke da shi. A ƙasashen da ke nesa da teku, musamman masu tuddai inda ruwan sama ya daɗe yana wanke ƙasa, hatsi da doya da rogon da aka noma su ma sukan fito da ƙarancinsa.

A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin yana cikin sarrafa tokar ciyawar teku don haɗa albarushi. A 1820 wani likita a Janiba, Coindet, ya fara ba masu maƙoƙo shi, kumburin ya riƙa sacewa. Gwajin da ya rufe bakin masu gardama shi ne wanda David Marine ya fara a 1917 a garin Akron na Amurka. Cikin 'yan mata 'yan makaranta 2,190 da suka sha aidin, biyar kacal suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 suka yi. A 1922 Suwizalan ta fara sayar da gishiri mai aidin, Amurka ta biyo baya a 1924. An zaɓi gishiri ne saboda talaka da mai kuɗi kowa na ci, kuma kusan daidai gwargwado.

A Najeriya likitoci sun daɗe da lura da yankunan maƙoƙo, irin su tuddan Filato da Binuwai da kewayen Nsukka. A shekarun 1960 Farfesa O. L. Ekpechi ya nuna cewa rogo ma na da hannu. Rogon da ba a jiƙa ya tsima sosai ba yana da wani guba da jiki ke mayarwa wani sinadari mai hana aidin shiga tayirod. Binciken da aka yi daga baya a yankin Ubangi na Kwango ya ƙara tabbatar da haka. Ke nan mai ƙarancin aidin da ke yawan cin irin wannan rogo, kashinsa ya bushe sau biyu.

A 1990 shugabannin duniya suka taru a birnin Niyok kan sha'anin yara, suka yi alkawarin kawar da cututtukan ƙarancin aidin. Wani binciken ƙasa a 1993 ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba a Najeriya na da maƙoƙo. A wannan shekara ce aka wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma a ita ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ta kafa hukumar NAFDAC da doka ta 15. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne yawancin gishirin ƙasar ta tashar jiragen ruwa yake shigowa, kuma kamfanoni ƙalilan ke sarrafa shi, don haka sa ido bai yi wuya ba. A zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, an matsa lamba ƙwarai, har a 2005 aka amince da Najeriya a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta cika sharuɗɗan wadata jama'arta da gishiri mai aidin.

To amma jariri ba ya cin gishiri. Wata shida na farko, idan ana bin shawarar shayar da nono zalla, duk aidin da zai samu ta nonon uwa yake zuwa, kuma a daidai lokacin ne ƙwaƙwalwarsa ke girma da sauri. Ajiyar aidin a jikin jariri 'yar kaɗan ce, ba ta jure dogon yankewa. Shi ya sa jikin mai shayarwa ke kwaso aidin daga jini ya tara a nono, har yawansa a nono ya ninka na jini sau da yawa. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya: yawan aidin da ke nono yana hawa yana sauka ne gwargwadon abin da uwar ta ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga baligi, 90 ga ƙaramin yaro, amma 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Uwar da ta rasa, ɗanta ma zai rasa, kuma illar ba lallai ta fito a wuya ba. Takan fito ne bayan shekaru, yaro ya zo makaranta karatu na yi masa nauyi. Ƙarancin da ya yi tsanani tun a ciki kuwa na iya jawo ɓari, ko a haifi yaro da kurumta da tawayar hankali da tsumburewa.

Wani bincike da aka yi a kudancin Maroko, aka wallafa a 2014, ya gwada hanyoyi biyu: a ba uwa aidin bayan haihuwa, ko a ba jaririn kai tsaye. Jariran da aka bi ta hannun iyayensu mata su suka fi samun isasshe. Hakan ya yi daidai da hikimar jego ta Bahaushe, cewa a kula da maijego shi ne kula da jinjiri. Sai dai kunun kanwa da yaji da gasasshen nama da muke ji da su ba su ne hanyar aidin ba, domin kanwa ba a ƙara mata shi. Sinadarin nan na rogo mara tsimuwa, wanda hayaƙin taba ma ke sa wa a jini, yana rage aidin da ke shiga nono.

Kada kuma a ce maijego ta riƙa zabga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Aidin ɗin ma idan ya wuce kima yana da tasa illar. A sansanonin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke Tinduf a Aljeriya, yawansa a ruwan sha ne ya jawo maƙoƙo. Abin nema shi ne ɗan gishirin da ake ci ya zama mai aidin, kuma aidin ɗin bai tsere ba.

Nan ne hakkin ya dawo kanmu. Gishirin da aka juye a daro, ana aunawa da gwangwani a rana da damshin damina a Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari, yana iya rasa aidinsa kafin ya isa tukunya, kuma mai saye ba ya da hanyar sanin asalinsa. Maigida, idan za ka yi cefanen gidan da ke da mai ciki ko mai goyo, sayi na leda a rufe, mai lambar NAFDAC, wanda aka rubuta yana da aidin. Uwargida, a zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da murhu da danshi. A jiƙa rogo ya tsima kafin a yi alabo. Kifin teku da ƙwai da madara su ma suna taimakawa idan da hali. Wadda ta ga kumburi a wuyanta ta je asibiti, kada ta sayi ƙwayar aidin da kanta sai ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Kowace ranar 21 ga Oktoba duniya na tunawa da yaƙi da ƙarancin aidin. Ƙasar da muke nomawa har yanzu ba ta da isasshensa, don haka ranar da aka yi sakaci da gishiri maƙoƙo zai dawo, kuma jarirai ne za su fara ɗanɗanawa. A isar da wannan ga surukai da kakanni, tunda su ke riƙe da tukunyar jego. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.