Kamewar Birki a Motocin Karkarar Arewacin Kano: Musabbabi da Gyara

Tsofaffin motoci ƙirar Golf da Sharon ne ke yawan jigilar mutane da hatsi tsakanin ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bici. Da yake gareji na da nisa, sau da yawa a ƙofar gida direba da yaronsa ke gyara. Cikin matsalolin da ake yi wa gurguwar fahimta akwai kamewar kalifa, ƙarfen da ke rungume da faifan birki.

Idan aka taka birki, man birki ne ke tura fistan da ke cikin kalifa, shi kuma ya matse takalman birki a jikin faifai. Da an ɗaga ƙafa, ya kamata ya saki. Robobi ne ke kare fistan da ƙusoshi biyun da kalifa ke zamewa a kansu. Da zarar roba ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina na hanyar burji sai su shiga, tsatsa ta kama, fistan ya ƙi komawa. Daga nan taya ta riƙa zafi da ƙauri, mota tana ja gefe, takalmi ɗaya ya cinye kafin ɗan'uwansa.

Sauya takalmi kawai kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sai an kwance kalifa, a goge ƙusoshi, a shafa musu giris na birki, domin baƙin mai da giris na yau da kullum suna kumbura roba. Fistan da tsatsa ta ci sai canji, kuma ana samunsa da robobinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Bayan haɗawa dole a fitar da iska har feda ta yi tauri.

Shi kansa man birki yana tsotsar danshi. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. Birkin da ya kame yana kai shi nan, feda ta nutse.

Mafi muni shi ne toshe bututun mai na tayar da ta kame, ko zuba ruwan sabulu a madadin mai. Motar da ta ɗauko buhuna da fasinjoji ranar kasuwa, tana ratsa garuruwan da yara da dabbobi ke tsallaka titi, tana buƙatar birki a tayoyinta huɗu. Duba robobin nan kafin damina da bayanta ya fi kowane gyara araha.