Camille Laurin: Likitan da Ya Tsaya wa Harshen Mutanensa

Kanada ƙasa ce mai larduna goma. A tara daga cikinsu yawancin mutane Turanci suke yi, amma a lardin Kebek, cikin mutum biyar wajen huɗu Faransanci ne harshen da suka sha a nono. Ko da yake su ne masu yawa a lardinsu, har wajen 1960 manyan kamfanoni da bankuna na Montireyal, babban birnin kasuwancin lardin, suna hannun masu Turanci. Ma'aikaci yakan yi Faransanci a gida, in ya shiga masana'anta sai ya karɓi umarni da Turanci. Baƙin da suke zuwa daga Italiya da Girka kuwa sukan sa 'ya'yansu a makarantun Turanci, gama sun ga nan ne abinci yake.

Cikin wannan hali Camille Laurin ya tashi. An haife shi a 1922 a Charlemagne, wani ƙaramin gari kusa da Montireyal. Ya yi karatun likita, ya ƙware a kan ciwon taɓin hankali a Boston da Faris. A ganinsa, jama'ar da ta daɗe tana ƙarƙashin wasu takan koyi rena kanta, tana kuwa bukatar magani kamar kowane majiyyaci. Wannan ya kai shi jam'iyyar Parti Québécois, wadda René Lévesque ya kafa a 1968 domin Kebek ya zama ƙasa mai mulkin kanta.

A zaɓen 1970 jam'iyyar ta sami kujeru bakwai kaɗai, ɗaya ta Laurin ce. Lévesque kansa ya faɗi, saboda haka Laurin ya shugabanci 'yan jam'iyyar a majalisa. A 1973 shi ma ya rasa kujerarsa. Amma a watan Nuwamba 1976 jam'iyyar ta ci zaɓe, Lévesque ya zama firayim ministan lardin, ya naɗa Laurin ministan raya al'adu, ya danƙa masa batun harshe.

Ran 26 ga Agusta 1977 majalisa ta amince da dokar da ya shirya, wadda aka fi sani da Doka ta 101. Ta ce Faransanci ne harshen hukuma da na wurin aiki. Kamfanin da yake da ma'aikata 50 ko fiye dole ya nuna shaidar yana aiki da Faransanci. Allunan shaguna sai da Faransanci kaɗai. Abin da ya fi duka nauyi shi ne makaranta: 'ya'yan baƙi za su shiga makarantun Faransanci, makarantun Turanci na gwamnati kuwa an bar su musamman ga yaran da mahaifinsu ko mahaifiyarsu suka yi firamare da Turanci a Kebek.

Dokar ta jawo masa ƙiyayya ƙwarai. Dubban masu Turanci suka bar lardin, kamfanin inshora na Sun Life kuma ya sanar a 1978 zai mai da hedkwatarsa Toronto. Kotun Ƙoli ta Kanada ta soke waɗansu sassan dokar a 1979 da 1984 da 1988, har a 1993 aka yarda a sa wani harshe a allo, muddin Faransanci ya fi fitowa. Duk da haka gindin dokar bai jijjigu ba.

A kan 'yancin kai kuwa Laurin bai ga abin da ya sa zuciya ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 1980, wajen kashi 60 cikin ɗari suka ƙi. A shekarar nan ya zama ministan ilimi. A 1984, sa'ad da Lévesque ya yarda a jingine maganar 'yanci a sake gwada zama da Kanada, Laurin da Jacques Parizeau da waɗansu ministoci suka ajiye aiki, gama ba domin kujera suka shiga siyasa ba. Ya komo majalisa a 1994. A 1995 aka sāke ƙuri'a, masu son 'yanci suka sami fiye da kashi 49, amma bai isa ba. Laurin ya rasu a watan Maris 1999.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Laurin ya ɗauki dokar harshe a kan matakin farko zuwa 'yanci. Amma masana da yawa suna ganin dokar ce ta rage wa 'yancin ƙarfi, domin mutumin da ya sami aiki da daraja cikin harshensa ba ya gaggawar raba ƙasa. Kebek yana cikin Kanada har yau, 'ya'yan baƙi kuwa, waɗanda ake kira 'ya'yan Doka ta 101, yawancinsu da Faransanci suke karatu.